Kunne Ya Ji, Jiki Bai Tsira Ba

A Furana an san ni da gardama. Idan aka zauna majalisa bayan la'asar aka ɗauko zancen kuɗin taki, ko wanda ya dace da kansila, ko shekarar da ruwa ya ɗauke tun masara ba ta yi goyo ba, ni ne na ƙarshen yarda, sau da yawa ma sai ladan ya raba mu. Shekara 23 ina riƙe da alli, kuma aikin malanta yakan saba wa mutum da jin cewa amsa tana wurinsa. Amma akwai magana guda da ke kashe mini baki nan take, ta mai da ni ɗan aji ɗaya. Wani ya dube ni ya ce, "Malam, ka taɓa gwada kaza? Yana maganin olsa." Ko wane ne shi, ɗan acaɓa ko mai yankan farce ko tsohuwar da muka haɗu a mota ba ta ma san sunana ba. Sai in ji na gyara zama, na karkata kunne, bakina yana cewa, "To, da safe ake sha ko da dare?"

Abin ya faro ne wata damina, shekara 6 ke nan. Kamar kowane malamin ƙauye, ina da 'yar gonata ta masara da barkono, in na taso daga makaranta can nake ƙarasa yini. Da yamma baya ya riƙe, sai in biya kemis a ƙulla mini haɗi: ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba wanda ya san sunayensu sai mai shagon, shi ma ina da shakka. In kora da ruwa tun ban sa tuwo a ciki ba. Sai daga baya na san cewa a cikin ƙullin nan akwai irin su diklofenak da ibufrofen, masu kwantar da ciwon baya su kuma raunana yauƙin da ke kare bangon ciki daga tsaminsa. Kafin kaka na fara jin kamar an ajiye garwashi a ƙahon zuciyata. Na je wurin wani ma'aikacin lafiya, mutum mai natsuwa, ya ce alamun gyambon ciki ne. Ya rubuta mini omefrazol na sati 4, ya ce in rabu da haɗi, in rage yaji tunda yana tayar mini da zafin, in kuma je Zariya a yi gwaji. Haɗi na bar shi sati biyu. Yaji kwana biyu. Zariya ban taka ba. Omefrazol ɗin sati 4 kuwa na sha shi shekara 5, saboda mai kemis ya ce ai ba shi da wata illa, shi ma kullum sai ya haɗiya.

Daga nan labari ya bazu cewa Malam yana da olsa, kowa ya zo da gudummawarsa. Mai shayin bakin tasha ya ce wake ne babban abokin gaba, na bar wake, har da ƙosai da alale da ɗanwake. Wani abokin aikina ya ce gyaɗa tana da maiƙo, tana fama gyambo, na yi sallama da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa. Surukina ya ce duk abu mai tsami wuta ne, fura da nono ta tafi, zoɓo ya bi ta. Wata baiwar Allah a layin niƙa ta ce ganye yana goge ciki kamar soso, zogale da rama da alayyahu suka fita daga tukunya. Aka zo kan tuwon dawa da na gero, wani ya ce nauyi gare su, ba sa narkewa da wuri. Cikin shekara guda abincina ya koma farar shinkafa da ɗan mai, burodi, taliya, da madarar gari. Kowane mai shawara ya cire abu ɗaya daga kwanona ya sa kwalba ɗaya a jakata. Jakar ma ta samu suna. A wani taron bita na malamai aka raba mana ita, baƙa mai zif, uwargida ta raɗa mata "reshen kemis na Furana". In ina tafiya masallaci da ita a hammata, ƙarar kwalabe ke riga ni isa.

Kuma kada ku ce wahala nake ji. Daɗi nake ji. A gidan suna, ana zagaye da tire na waina da miyar taushe, sai in ɗaga hannu in ce, "A'a, ku ci kawai, ni an hana ni," in zaro burodina. Akwai wani irin girma da mutum ke samu in yana da ciwo mai dokoki. Ana tausaya masa, ana tambayarsa, ana kawo masa sabuwar shawara, shi kuma yana karɓa hannu bibbiyu.

Na sha zama ina tunanin me ya sa maganar masani ba ta kama ni, ta wanda bai sani ba kuwa take shiga har ɓargo. Na gano dalilin, kuma ba abin alfahari ba ne. Likita cewa yake yi "mai yiwuwa", "sai mun duba", "ka dawo bayan sati biyu". Mai mota kuwa cewa yake yi, "Wallahi sha ɗaya, ƙanin matata har jini yake amai, yanzu tsire yake ci da barkono." Ni kuwa Allah ya yi ni da son magana mai rantsuwa. A gidana akwai 'yata da ke karatu a kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi. Duk hutun da ta zo sai ta leƙa jakar ta ce, "Baba, waɗannan fa sun yi yawa." Sai in ce mata ni na koya mata baƙi da wasali, ta bari sai ta karɓi takardar shaida tukuna.

A cikin abinci, abu ɗaya da aka hana ni bisa ilimi, wato yaji, shi ne na kasa bari. Nan farin ruwan nan ya shigo, wanda ake kira Mist Mag, mai kama da alli da aka dama, mai ƙamshin na'a-na'a. Duk ranar da na shiga Ikara sai na ratse wurin mai tsire bayan magariba, in zaɓi lungun da fitila ba ta kaiwa. In girgiza kwalba, in kafa kai in yi maƙwarwa biyu, sannan in ce a barbaɗa yaji sosai, in na gama in ƙara biyu. Kamar mai biyan tara kafin ya aikata laifi. A jikin kwalbar an rubuta adadin cokali, amma ni tuni na sallami cokali, maƙogwarona ne ma'auni. Abin da ke ciki kala biyu ne na gishirin maganiziyam tare da soda, suna kashe tsamin ciki na ɗan lokaci. Da safe kuma akwai garin nan na 'yar takarda mai kumfa in an zuba a ruwa, wanda wani direba ya ce yana wanke ciki. Shi ma ashe akwai maganiziyam a cikinsa, irin wanda ake ba mutum musamman don cikinsa ya saki.

Sai kanwa. Wannan ita ce ta fi ba ni kunya, don da idona biyu na shiga. Kanwa tsohuwar abokiyar Bahaushe ce, tun zamanin da fatake ke ɗauko ta daga Manga da bakin tafkin Chadi a kan jakuna da takarkarai, a sa a miyar kuɓewa, a dafa wake da ita, a ba doki da shanu. 'Yan boko suna ce mata fotash, sai na ɗauka fotashiyam ce zalla, alhali mafi yawanta sodiyam ne, ɗan'uwan gishirin miya. Kuma na san labarin da ya faru a nan ƙasar Zazzau. Cikin shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Farfesa Eldryd Parry, sun bi diddigin yadda zuciyar mata masu jego ke kasawa a yankin Zariya fiye da yadda aka saba gani a wasu ƙasashe, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Gishiri ya tara ruwa a jiki, zafi ya ƙara wa zuciya aiki. Lokacin da uwargida ta haifi autanmu, ni ne na tsaya a tsakar gida ina yi wa gwaggonninta lacca a kan wannan, har ɗaya ta ce boko ya ɓata ni. Shekara uku bayan haka, ga mai laccar nan yana jiƙa ungurnu a kofin silba kowane dare, saboda wani mai sayar da buhunan barkono ya ce kakansa da ita ya kai shekara ɗari. Uwargida ta gan ni, ba ta ce komai ba sai, "Malam, Allah ya raya abin da aka samu."

Ana nan sai jijiya ta fara ɗaure mini. Da fari cikin dare ne, sharaɓa ta murɗe ta yi tauri kamar ƙullin fura, in tashi ina ɗingishi a ɗaki ina salati. Fatar idona ta hagu ta kama rawa, wata maƙwabciya ta ce baƙo zan yi. Ranar da abin ya fito fili, sallar asuba ce, ina sahun farko. Mun yi sujada ta biyu, liman ya yi kabbara kowa ya ɗago, ƙafata ta dama ta ce ba inda za ta. Yatsun suka lanƙwashe ciki, jijiyar ta ja tun daga diddige har bayan gwiwa. Na cije leɓe, na dafa kafaɗar dattijon da ke gefena, shi kuwa ya ɗauka aljanu ne. Bayan an sallame mutum bakwai suka kewaye ni, na fita masallacin da shawara bakwai, kuma Allah shi ne shaida, biyar na gwada.

Ta shidan da na gwada kuwa a waya na same ta. Wani ɗan bidiyo ne aka turo, mutum da farar riga da abin awon ƙirji a wuya, yana lissafa alamomi: ɗaurewar jijiya, rawar ido, kasala, rashin barci. Duk ni ne. Ya ce ƙarancin maganiziyam ne, ya ɗaga wata kwalba mai kyau. Ban yi wata-wata ba na aika Kano aka sayo mini, kuɗinta ya kusa rabin buhun taki. Rubutun jikinta ya ce ƙwaya ɗaya a yini. Wanda ya kawo mini ya ce wannan lissafin Turawa ne, jikin Bahaushe ya fi nasu ƙarfi, in sha biyu. Hujjar ta yi mini daɗi ƙwarai. Abin da ban sani ba, irin wanda na saya, maganiziyam oksayid, kaɗan ne hanji ke iya tsotsa daga cikinsa. Sauran yana zama a hanji yana janyo ruwa, kamar yadda gishiri ke janyo ruwa daga yankakken tumatir. Masana abinci a Amurka sun sa iyakar abin da baligi zai sha na ƙwaya a yini, ba tare da kulawar likita ba, miligiram 350. Ƙwayoyina biyu sun riga sun haye wannan, tun ba a lissafa farin ruwa da garin kumfa ba.

Ciki ya fara saki a hankali, sau biyu, sau uku a yini, na ce datti ne ke fita. Har ranar wata Asabar da muka tashi ɗaurin aure Zariya, mu bakwai a ƙaramar mota, ni a tsakiya da babbar riga sabuwa fil mai sitati. Mun wuce Makarfi kaɗan na ji wata ƙara a cikina kamar ana tura turmi a kan dakali. Na ce, "Direba, don Allah ɗan tsaya." Duk wanda ya san wannan yanki ya san arzikinsa rake ne, hagu da dama, kuma ranar na gode wa Allah da manoman Makarfi, don ba abin da ke rufa asiri kamar gonar rake. Sai dai ganyen rake kaifi gare shi kamar reza, ga ƙaiƙayi, ga ƙasar fadama mai santsi, ga mutum yana ƙoƙarin tattare babbar riga a wuya da hannu ɗaya, buta a ɗayan. Butar ma ta aro ce, wata tsohuwa a kujerar baya ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na dawo, aka tafi. Ba mu yi nisa ba na sake cewa a tsaya. A tsayawa ta uku, kafin Tashar Yari, direba ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, ko mu bar ka nan ka yi musu gadi, in mun dawo mu ɗauke ka?" Motar ta kwashe da dariya, har ni, don ba yadda zan yi. Da na shigo, tsohuwar nan ta karɓi butarta ta ce, "Ɗan nan, in ka koma gida ka samu saƙesakin marke ka jiƙa." Jikina na rawa, zufa na keto mini, hular ta karkace, amma sai da na juya na ce, "Iya, da safe ko da dare?"

An ɗaura auren ina bayan masallaci.

Da na dawo gida na ce ai wannan na san maganinsa, ruwan gishiri da sukari. Mu da muka tashi a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, mun haddace shi daga rediyo: ruwa cikin kwalbar lemo biyu, gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, sukari goma. Asalin hikimar babba ce. Sukari da gishiri ƙofa ɗaya suke bi su shiga bangon hanji, hannu da hannu, ruwa kuma ya bi bayansu, ko da hanjin yana cikin gudawa. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare, wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama wannan haɗi a manyan durom ana ba mutane a kofi. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. To amma sirrin yana ga awo. Ni kuwa na ga cewa tunda jikina ya yi laushi sosai, sai a ƙara ƙarfi: gishiri cokali mai tozo, sukari na ƙiyasta da ido, na jefa ɓarin mazarƙwaila don albarka, na bi da lemon kwalba mai sanyi. Sukari in ya yi yawa shi ma ruwa yake ja zuwa cikin hanji. Gudun gara na faɗa gidan zago. Kuma duk cikin wannan hali ban fasa ƙwayoyina biyu ba, don a ganina yanzu ne ma jiki ya fi bukatarsu.

Kwana huɗu bayan haka na tashi zan fita alwala gwiwoyina suka ƙi ɗaukata, zuciya tana bugawa tana tsallake ɗaya kamar injin ban ruwa da mai ya kusa ƙare masa. Ƙanena ya sa ni a mota sai wani asibiti a Zariya, tafiyar da aka ce in yi tun shekara 5 baya. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi ɗaliban da na koyar a farkon aikina ba. Ta ce, "Baba, wane magani kake sha?" Na gyara murya na ce, "Ba wani abu, Likita, ɗan omefrazol ne kawai." Uwargida, wadda ta yi shiru tun daga Furana, ta buɗe mayafi ta fito da baƙar jakar nan, ta zuge zif, ta kifar da ita a kan tebur. Kwalabe suka gangara, wata ta faɗi ƙasa, ƙullin ungurnu ya fashe a kan takardun likita. Na dubi silin.

Ba ta yi dariya ba, wannan ya fi dariyar ciwo. Ta sa bayan biro tana ware su kashi-kashi, tana tambaya, nawa, tun yaushe, wa ya ba ka. Amsar tambaya ta ukun ce ta fi wuya, don ba daɗi dattijo ya ce "mai shayi" a gaban matarsa. Aka ɗebi jini. Ta ce gwajin gishirin jiki da aka saba yi yana nuna sodiyam da fotashiyam da lafiyar ƙoda, maganiziyam sai an rubuta shi daban, ta rubuta. Sakamako ya fito: fotashiyam ya yi ƙasa, shi ne ya kashe mini gwiwa ya rikita bugun zuciya. Maganiziyam kuma, bayan duk wanda na ɗura wa kaina ta hanya uku, yana can ƙasa shi ma. Na ce, "Likita, wannan fa kamar a ce mai rijiya ya mutu da ƙishirwa." Ta ce rijiyar ce ba ta da gindi. Omefrazol in aka daɗe a kansa yana rage wa hanji iya tsotsar maganiziyam, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka a Maris na 2011, musamman ga wanda ya wuce shekara yana sha. Abincin da ke kawo shi duk na kore su. Wanda nake haɗiya kuma wucewa yake yi, ya tafi da ruwa da fotashiyam. Ta ƙara da cewa in maganiziyam ya yi ƙasa, ƙoda ba ta iya riƙe fotashiyam, ko an ba mutum sai ya zube ta fitsari, don haka tare ake gyara su. Awon jinin ma ba ya faɗin komai da komai, tunda abin da ke yawo a jini bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, fiye da rabi yana cikin ƙashi.

Sai ta dubi takardar ƙoda ta ce in gode wa Allah. Ƙoda ce ke fitar da rarar maganiziyam. Da tawa ta yi rauni, kamar yadda take yi wa masu ciwon sukari da hawan jini da yawa ba su sani ba, da abin taruwa zai yi a jini, ya saukar da bugun zuciya, ya kashe jiki, har numfashi ya gagara. Jinina kuma ya hau, ta nuna ungurnu da farin ruwa da biro, ba ta ƙara magana ba. Ta tambaya ko na sha wani maganin ƙwayoyin cuta kwanan baya. Na ce bara an ba ni sifro na taifod bai yi aiki ba, na ma yi ta faɗa a majalisa cewa jabu ne ya cika ƙasa. Ta ce da me nake korawa? Na yi shiru. Maganiziyam yana kama sifrofuloksasin da tetrasaikilin a cikin hanji ya hana su shiga jini, shi ya sa ake raba tsakaninsu da awanni. Wata uku ina zagin masu kamfanin magani, ashe ɓarawon yana hammatata.

Don kada in yi wa sinadarin nan rashin adalci, ba shi da laifi. Shi ne allurar da ake yi wa mace mai jijjigar haihuwa a asibitocinmu, ya ceci iyaye mata ba adadi. Akwai kuma waɗanda ƙarinsa wajibi ne gare su: wanda aka yanke wa wani sashe na hanji, mai ciwon hanji da ke sa gudawa shekara da shekaru, mai shan ƙwayar sa fitsari. Su ana auna jininsu, a zaɓa musu iri da adadi, a sake aunawa. Ni ma an ba ni, na ɗan lokaci, da awo, bayan an yi mini ƙarin ruwa kwana biyu. Aka sallame ni da 'yan fakitin ORS, irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage wa gishiri da sukari a 2002: a lita 1 na ruwa, gishiri giram 2.6, gulukos 13.5, fotashiyam kulorayid 1.5, sitiret 2.9. Fotashiyam ɗin nan shi ne abin da haɗin gida ba shi da shi. Likita ta ce in babu fakiti, lita 1, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali, ta maimaita "a shafe" sau biyu tana kallona. Ɗaurewar jijiya kuwa, 'yata ta gaya mini daga baya cewa masu tace binciken likitanci na Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a 2020, suka ga da wuya ƙwayar maganiziyam ta rage wa masu manyan shekaru wannan matsala. Ta faɗa a hankali, da ladabi, ta kuma ajiye takardar shaidarta a inda zan gani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zancen abinci. Namiji baligi yana bukatar miligiram 400 zuwa 420 a yini, mace 310 zuwa 320. Gyaɗa giram 100 tana ɗauke da kusan 170. Dafaffiyar farar shinkafa mai wannan nauyi ba ta kai 15 ba. Wake, riɗi, gero, dawa, ganyaye, duk abin da na kora daga kwanona nan taskar take, kuma a ƙwayar hatsi mafi yawansa yana cikin dusa. Wato ina sayen maganiziyam daga Kano da kuɗin taki, awakin gidana suna cin dusar gero da harawar wake da ta gyaɗa a bayan ɗaki, suna sheƙi, ba wadda jijiya ta taɓa ɗaure wa a sahu. Likita ta ce in koma cin komai sannu a hankali, abin da na ga yana tayar mini da zafi shi kaɗai zan ɗaga wa ƙafa. Ranar da aka dama mini fura da nono na farko, na riƙe ludayin na daɗe ban kai baki ba.

Gyambon kansa, bayan an sa na dakatar da omefrazol sati biyu aka gwada bayan gida, sai ga ƙwayar cutar nan Helikobakta. Wani likita Bature da ya yi aiki a Maiduguri, Holcombe, ya rubuta tun 1992 cewa mafi yawan mutanen arewacin Najeriya suna ɗauke da ita. Maganin kwana 14 aka ba ni, abin da na yi shekara 5 ina kewaya. Likitoci biyu ne suka gano ta a birnin Perth na Ostireliya a 1982, Robin Warren da Barry Marshall. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya dama ƙwayar cutar ya shanye a 1984 don ya nuna ita ce ke kawo ciwon, ya kwanta rashin lafiya, a 2005 aka ba su lambar Nobel. Da 'yata ta ba ni wannan labari na ce to ai ni ma gwaji nake yi a jikina, bambancin kawai shi Sitokhom aka kira shi, ni gonar rake.

An ƙwace jakar. Uwargida ta wanke ta, yanzu allo da littattafan auta ke ciki. Kuɗin cefane ma ita ke riƙewa ranar kasuwa, don ta san masu lasifika a bayan mota.

Watan jiya na koma asibiti a duba ni, komai ya daidaita. Muna zaune a benci muna jiran a kira lamba, uwargida ta tashi sayo ruwa. Wani mutum a gefena, mai farar hula da carbi, ya dubi katina ya ce, "Olsa ce, Malam?" Na ce ta warke, alhamdu lillahi. Ya girgiza kai ya ce ba ta warkewa, kwanciya take yi. Ya matso, ya rage murya, ya ce akwai wani a wajen Hunkuyi mai haɗa garin ɓawon ɗanyar ayaba da zuma da nonon raƙumi, wallahi kwana uku. Na dubi ƙofar ɗakin likita, na dubi hanyar da uwargida ta bi. Lambar wayar tana nan a bayan katin asibitin, da fensir, ƙanana-ƙanana. Katin yana hannunta, amma har yau ba ta juya bayansa ba.